Shin Ƙananan Na'urorin Gem Masu Araha Sun Cancanci a Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, kuma kwanakin baya na ga wasu ƙananan na'urorin gem a Kasuwar Sabon Gari, masu siffar manyan akwatunan wasa na tsaye, sai dai tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. An rubuta a jikin kwalin cewa akwai wasanni 400 a ciki, kuɗinsu kuma ba shi da yawa. Ina son in saya wa yarana biyu, ni ma in ɗan tuna Street Fighter da muka buga muna yara. Wani abokina ma cewa ya yi in sayi da dama in ajiye a shago yara su riƙa biya suna bugawa. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, buƙatu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma wannan na'ura ɗaya kawai daga cikinsu za ta iya biya maka, wato ta yaran.

Dalili yana cikin abin da aka rufe a cikin robar. Manyan akwatunan da ake kwaikwayon siffarsu, waɗanda ake jefa musu tsabar kuɗi kafin a buga, sun yi tashe ne da wasanni irin su Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, sannan Street Fighter II na Capcom a 1991, kuma kowannensu yana da injin da ya dace da shi. Mafi yawan ƙananan nan marasa sunan kamfani ba su gaji komai daga waɗancan ba sai siffa. Abin da ke cikinsu ƙwaƙwalwa ce guda, wadda masu gyara ke kira ai-si, da take kwaikwayon Famicom, na'urar gida da Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Wannan ita ce irin wadda aka riƙa jona wa talabijin ana soka mata kaset a gidaje da dama a nan Kano. Saboda haka ko ka sami Pac-Man a ciki, na gida ne da aka rage wa kyau, aka kuma sake masa tsari domin ya shiga fuskar talabijin, alhali na ainihin a tsaye fuskarsa take. Street Fighter II kuwa ya fi ƙarfin wannan ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, kuma da maɓallai shida ake buga shi. In ka ga sunansa a jerin, to jabu ne da wasu suka harhaɗa, kuma cikin minti biyu hannunka zai gaya maka ba shi ba ne.

Adadin da ke jikin kwali ma kada ya ruɗe ka. Idan ka yi haƙuri ka bi jerin zuwa ƙasa, za ka tarar wasa ɗaya ya dawo sau da yawa da suna daban, wani an canza masa launi, wani an fara shi daga mataki na uku aka kira shi sabo. Waɗanda yaro zai zauna ya buga da gaske ba su cika wuce 'yan ƙalilan ba, ko da yake a ganina wannan ba aibi ba ne ga ɗan shekara shida, wanda sau da yawa wasa ɗaya yake maƙale wa.

Akwai masu lasisi, wato waɗanda aka yi da izinin masu wasannin, kuma su ne ma'aunin da ya kamata ka riƙe. Nintendo ya fitar da NES Classic a 2016 da wasanni 30, Sega ya fitar da Mega Drive Mini a 2019 da wasanni 42, SNK kuma ya yi Neo Geo Mini a 2018, mai siffar akwatin tsaye, da wasanni 40 da fuska mai inci 3.5. Ka lura cewa a cikin waɗannan na'urori uku na kamfanonin da suka mallaki wasannin, babu wadda wasanninta suka kai 50, sannan ka sake duba mai alƙawarin 400. Waɗannan sun fi tsada ƙwarai, ba su da yawa a kasuwanninmu, kuma su ma an cika kasuwa da jabunsu.

Maganar shago kuwa, ka ajiye ta. Maɓallan manyan akwatuna suna da 'yan makunnai masu ƙarfi da ake cirewa a sauya, domin an yi su ne don dukan jama'a daga safe har dare. Na ƙananan roba ce mai laushi a ƙarƙashinsu, kuma mariƙin juyawar da yatsu biyu ake kama shi. Yara goma a rana za su gama da ita cikin ɗan lokaci. Ban da haka, mutum ɗaya ne yake iya ganin fuskar, yaran Kano da ke biya a shagon gem kuma ƙwallon ƙafa suke nema a PlayStation, su biyu a gaban babban talabijin abokai na ihu a bayansu.

Ga yaranka, tana da amfaninta. Ba ta cin data, ba ta da tallace-tallace, ba ta buɗe wa yaro ƙofar intanet, kuma za ta raba su da wayarka. Sai dai sharaɗin shi ne ka gwada ta a hannunka kafin ka biya, domin sayenta ta hoton Facebook ko WhatsApp cinikin biri a sama ne. Ka sa mai shago ya kunna wadda za ka tafi da ita, ba ta gwaji ba. Ka danna kowane maɓalli, ka tura mariƙin ta ɓangarori huɗu, ka karkata fuskar ka gani ko hoton yana dushewa, sannan ka tabbatar ana iya rage ƙarar, abin da uwargida za ta gode maka a kansa.

Batir shi ne abin da na fi so ka tsaya a kai. Mai cin ƙananan batura uku ko huɗu za ta iya cinye kuɗin sayenta a batir kaɗai. Mai batir a manne a ciki kuma, ranar da ya mutu ita ma ta mutu, kuma zafin Kano na Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana saurin kumbura irin wannan batir. Wadda ta fi ita ce mai karɓar wuta ta wayar USB, ko mai batir da ake cirewa irin BL-5C na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda za ka samu a Farm Centre ko Beirut Road ba tare da wahala ba. Kada a bar ta a mota da rana, kada kuma yara su kwana da ita a jone da caji. In akwai murfin batir mai sukurori, ka fifita shi saboda kada ƙaramin cikin yaran ya buɗe shi.

Ka fara da guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, in ta yi wata biyu lafiya sai ka ƙaro ta biyu. Kai kuma, Street Fighter ɗinka yana cikin tarin da Capcom ya fitar a 2018 don cikar wasan shekara 30, wanda ake bugawa a kwamfuta da PlayStation 4, sai ka nemi hannun gem mai kyau ka haɗa da shi.