Amsar Baba kan jitar feda ta Belgium: a kifa ta kafin a biya

Wannan muryar da Baba ya turo ce a guruf ɗin makaɗa jiya da daddare, na rubuta ta saboda waɗanda data ba ta ishe su saurara ba.

Salama alaikum jama'a, barkanku da dare, ya sanyin Jos. Toh ƙanena, na ga hotuna ukun da ka turo, na kuma ji tambayarka, wato wani mutum a Bukuru yana da jitar feda, pedal steel ɗin nan da take kwance a kan ƙafafu huɗu kamar tebur, ana goga ƙarfe a kan tsirkiyunta da hannun hagu ana taka feda, ta zo cikin kayan Belgium, tsirkiya goma, ya ce maka Carter Starter ce, wato ta ƴan koyo da kamfanin Carter ya ƙera, ya yanka maka kuɗi, kai kuma kana so ka san ko tana da kyau, ko kuɗin ya dace. Na ga wasu sun ce maka ka yi wuf da ita kawai tunda ba a samun irinta a garin nan. Gaskiya ne ba a samu, amma ka dakata tukuna ka ji.

Duka hotunan nan daga sama aka ɗauke su. Fenti yana ƙyalli, tsirkiyu a jere, kyau kam akwai. Amma wannan kayan kiɗan ba a sama yake ba, a ƙasa yake. Kamar motar Belgium ce, ai ba ka tsayawa kallon bodi, rami kake kai ta makaniki ya shiga ƙarƙashi da tocila. Ita ma haka, ka ce ya kifa ta a cikin akwatinta, ciki ya kalli sama, sannan ka ga sandunan ƙarfen nan da suka taso daga feda suka bi ta ƙarƙashi har zuwa ƙarshen dama inda ƴan yatsun ƙarfe suke jan tsirkiya. Nan ne kuɗinka yake. In akwai tsatsa mai ci, ko sanda a lanƙwashe, ko ka ga an yi walda irin tamu ta bakin titi, ko wani gurbi babu komai alhali ga alamar an taɓa ɗaura abu, to farashi ya faɗi tun kafin ka ji muryarta.

Sannan ka ƙirga min libar gwiwa, waɗannan ƴan ƙarafan da suke reto a ƙarƙashi da ake turawa da gwiwa hagu da dama. A hoton na ga feda uku a ƙasa, amma liba ban gan su ba, wataƙila an naɗe su ciki. Carter Starter ta gaskiya feda uku gare ta da liba huɗu. In ka kifa ka ga guda ɗaya tak, to ba ita ba ce, ko dai an cire sauran ko kuma wata ce daban, irin tsohuwar Sho-Bud Maverick ta shekarun 1970 wadda ita dama feda uku da liba ɗaya take zuwa da su. Ita ma ba banza ba ce, akwai murya, amma wata shida ka yi kana koyo za ka ji ta matse ka.

Bari in faɗa maka dalili da yaren da muke ji a coci da wurin biki, do re mi. Saitin da ake yi wa wannan mai tsirkiya goman sunansa E9. In ka kaɗa ta haka nan ba ka taka komai ba, kana kan do. Ka taka fedar farko da ta biyu tare, waɗanda ake kira A da B, ba ka motsa hannun hagu ba ko kaɗan, sai ka ji kanka a kan fa, domin A tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ita kuma B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Ka taka A ita kaɗai, ka faɗa la. Yanzu ina so? Sai ka tura libar da take sauke E ɗin nan biyu, tsirkiya ta 4 da ta 8, ka haɗa da fedar B, shikenan ga so ta fito a wuri ɗaya. Ɗaya libar kuma ɗaga waɗannan E ɗin take zuwa F, in ka haɗa ta da fedar A ka matsa ƙarfen hannun hagu gaba layi uku sai ka sake samun do ɗinka da wani launi daban. Kaga waɗannan liba biyu ba ado ba ne, rabin daɗin kiɗan a jikinsu yake, kuma yawancin darussan da za ka buɗe a YouTube sun ɗauka kana da su. Don haka ni a wurina liba biyu su ne mafi ƙaranci, huɗu kuma shi ne daidai.

Yanzu gwajin da ya fi komai, kuma wannan don Allah kar ka bari mai kaya ya hanzarta ka, ko da yana cewa wani daga Abuja na kan hanya da kuɗi. Ka tafi da tiyuna, na'urar da ke nuna ko tsirkiya tana kan saiti, ko ta waya ma ta isa in wurin ba hayaniya. Ka saita tsirkiya ta 5 a kan B daidai, allura a tsakiya. Ka taka fedar A a hankali har ƙasa, ka duba ta kai C#, ka saki, ka duba ta dawo B ɗin da ka bari ko ta tsaya a hanya. Ka maimaita, sau ɗaya da ƙarfi, sau ɗaya a hankali, ka yi ta yi. Mai kyau duk yadda ka taka wuri ɗaya take zuwa, wuri ɗaya take dawowa. In yau ta dawo sama, anjima ta dawo ƙasa, to wani abu na cijewa a ciki. Wani lokaci datti ne kawai da busasshen mai, a wanke a ɗiga man keken ɗinki shikenan ta warke, wani lokaci kuma ƙarfen ne ya cinye, wannan kam babu mai gyara maka shi daga Terminus har Farin Gada. Haka za ka yi wa kowace feda da kowace liba, musamman mai sauke E, don ita ce ta fi tona asirin jita, tana son dawowa ta ɗan zarce sama. Kuma ka ji da ƙafarka ko fedar tana da inda take tsayawa cak, ko kuwa laushi take tana ci gaba da nutsewa. Ita Carter Starter an santa da wannan a libar gwiwar hagu, abin da yake tare ta ba shi da ƙwari sosai, mai ƙarfin gwiwa yana iya tura ta ta wuce. Ana gyarawa, amma ka sani kafin ka biya, ka saka shi cikin ciniki.

Akwai kuma wani abu, ka taka A da B tare da ƙarfi amma idonka na kan tsirkiya ta 4, wadda waɗannan fedojin ba ruwansu da ita. Za ka ga allura ta ɗan sauka, saboda jikin jitar ne yake ɗan lanƙwasawa don nauyin ja. Kusan kowace jita tana yin haka, har masu tsada, kar ya tsorata ka. Amma in ta sauka har kunnenka ya ji ba sai da tiyuna ba, jikin ya yi rauni ko wasu kusoshi sun kwance.

Ka shafa yatsa a kan ƴan yatsun ƙarfen da tsirkiya take hawa a dama, musamman ta 3. Ita ce siririya, lamba 11, kuma kullum fedar B na ja da sakinta, don haka ita ta fi kowace tsinkewa ko a sabuwar jita. In wurin ya yi zane mai zurfi, zai dinga yanke maka ita kamar da gangan, kuma zai dinga ba ka wata ƙara zizizi a cikin sifika. A hagu kuma akwai ƴan tayoyi ƙanana da tsirkiyu suke bi ta kai, ka sassauta tsirkiya ɗaya ka juya tayar da farce ka ga tana juyawa.

Batun kuɗi. Sabuwar jitar ƴan koyo a Amurka, irin su GFI ko Stage One ko Mullen Discovery, ta haura dala 1,000, wasu sun haura sosai, kafin a zo maganar jirgi da kwastan, kai ka buga da canjin yau ka gani. Kamfanin Carter kuwa na Texas ne kuma ya daina aiki sama da shekara goma, don haka duk wata Starter da ka gani tsohuwa ce, ba kuma inda za ka rubuta musu su aiko maka da kayan gyara. Wannan abin faɗa ne wajen ciniki. Sannan ita an ƙera ta ne da saiti ɗaya, ba irin manyan ba ce da za ka sauya wace feda ke jan wace tsirkiya ko ka ƙara liba. Ga ɗan koyo wannan ba laifi ba ne, shekara biyu uku ba ka gama cin abin da ke cikinta ba. Abin da nake jin tsoro shi ne irin marasa suna da ake tallarsu a intanet da arha, ƙarfe mai laushi, yau ka saita gobe ta kwance, araha ba ta ado. Tsohuwa mai suna wadda take dawowa saiti ta fi min sabuwa fil marar asali nesa ba kusa ba.

Kuma kar ka ƙirga kuɗin jita kawai. Ka tambaye shi ƙafafu huɗu suna nan? Allon da fedoji suke kai yana nan? Sandunan feda uku fa? Makullin saiti ɗan ƙarami da ake juya ƴan robobin gefen dama da shi? Ƴan kwantena suna yawan raba kaya, jita a nan, jakar ƙafafu ta bi wani dila zuwa Alaba. Masu aikin ƙarfe a Dilimi suna da hannu wallahi, za su iya yanka maka sanda, amma zaren kusoshin Amurka na inci ne, ba milimita ba, in aka tilasta namu a ciki an lalata ramin har abada, ko makullin alan ma sai ka nemo na inci. Bayan wannan kana buƙatar ƙarfen gogawa mai nauyi, ba ɗan kwalbar da ake sa wa jitar hannu ba, da farcen kaɗa tsirkiya da ake sawa a yatsa, na babban yatsa ɗaya da na ƙarfe biyu, da fedar boliyum, wannan dole ce, ita take sa muryar ta dinga kumbura tana kuka. Sai amfilifaya mai tsabtar murya, masu abin suna son Peavey Nashville, amma ta kibod ɗin cocinku za ta riƙe ka da farko. In ya haɗa maka da amfilifayar da ta zo daga Amurka, ka karanta bayanta kafin ka soka a bango, wutarsu 120 ce tamu 230, sai da taransifoma mai sauke wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Kuma ka gwada ta a kan janareta in da hali, wasu fikof ɗin, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya zuwa amfilifaya, suna kwasar gurnani sosai.

Wani a guruf ya ce wai me za a yi da kayan kiɗan kaboyi a Filato. Haba ɗan'uwa. Ka je ka saurari Sunny Ade na ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980, wannan muryar da take zamewa a bayan gangunan, Demola Adepoju ne a kan irin wannan jitar, ɗan Najeriya, kuma da ita suka zaga duniya. A Amurka ma akwai cocin baƙaƙen fata da ita ce take jan waƙa a maimakon ogan, daga nan shahararren makaɗinta Robert Randolph ya fito. Ni ina jin yadda za ta zauna a ƙarƙashin waƙar zumuntar mata ko a waƙar soyayya ta Hausa mai sanyi, kuma duk sitidiyon garin nan babu mai wannan muryar sai ta kwamfuta, wanda ya iya ta shi kaɗai za a dinga kira. Shi ya sa nake so ka samu mai kyau, kar marar kyau ta kashe maka zuciya ka jingine ta a bayan ƙofa.

In ka saya, sanyin Disamba da Janairu zai dinga motsa maka saiti, ƙarfe ne da katako, in ka shigo da ita daga waje ka bar ta ta ɗan sha iskar ɗakin kafin ka taɓa makulli, kuma ka rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu, ita ce take shiga cikin yatsun nan ta haɗu da mai ta zama laka. Kar ka fesa mata man da ake kwance kusoshin mota da shi.

Don haka ƙanena ga yadda za mu yi. Gobe ka koma, ka ɗauko min bidiyon cikinta a kife daga wannan ƙarshen zuwa wancan, a hankali, da haske, sannan wani bidiyon na tiyuna kana taka kowace feda kana saki. In liba huɗu ne kuma tana dawowa, ka nemi ragi saboda tsirkiyu sabbi da za ka saya da abin da ya ɓace, ka biya ka ɗauko. In liba ɗaya ce, kar ka ba shi fiye da rabin abin da ya faɗa. In kuma ba ta dawowa saiti bayan an ɗiga mai, ka bar masa kayansa. Ranar Asabar da rana ba ni da rihasal, in zai jira sai mu je tare, zan taho da ƙarfen gogawa da makullan inci.