Step 2 CK kafin Satumba ko bayanta? Amsa ga Dokta mai neman horon ƙwarewa a Amurka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dokta, barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a Step 1 ɗin da ka ci, wato matakin farko na USMLE, jarrabawar samun lasisin likita a Amurka. Ga yadda na fahimci tambayarka: kana bautar ƙasa, muna cikin watan Mayu, ka yi kusan rabin tambayoyin atisaye na manhajar UWorld, gwajin NBME na ƙarshe, wanda ake auna shirin jarrabawa da shi, ya ba ka 230 da 'yan kai, kuma kana so ka nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin medisin, wato cututtukan manya, a zagayen bana. Kana tambaya ko ka matsa ka rubuta Step 2 CK, mataki na biyu na jarrabawar, a Yuli ko Agusta, ko kuwa ka tura takardunka ta ERAS, shafin da ake neman gurbin horo ta cikinsa, a Satumba babu sakamakon, ka rubuta a Nuwamba lokacin da kake ganin makinka zai fi yawa.

Ƙanena, ga wanda ya yi karatun likita a wajen Amurka irinmu, sakamakon Step 2 CK ya kamata ya riga ya shiga fayil ɗinsa kafin ranar da asibitocin horo za su fara buɗe takardun masu nema, wato ƙarshen Satumba. Idan hakan ba za ta samu ba, to tambayar ta sauya. Ba "Agusta ko Nuwamba" ba ce kuma, ta koma "bana ko baɗi".

Na san inda shawarar jinkirtawa ta samo asali, domin mu ma an ba mu ita. Kafin 26 ga Janairun 2022, Step 1 tana da maki mai lamba uku. Wanda ya samu maki mai yawa a cikinta yakan ɓoye bayansa, ya jinkirta Step 2 CK da gangan har sai an gama gayyatar intabiyu, don kada sabon maki ya zo ƙasa ya ɓata masa na farko. Dabara ce mai ma'ana a wancan lokacin. Amma tun daga wannan rana Step 1 ta koma "ya ci" ko "ya faɗi" kawai. Wanda ya ci da ƙyar da wanda ya ci da rata, duk abu ɗaya ake rubuta musu. Lamba ɗaya tilo da ta rage wadda daraktan horo zai iya kwatanta ka da ita da likitan da ya fito daga Indiya ko Pakistan ko Masar ita ce ta Step 2 CK. Duk wanda ya ce maka ka tura babu ita, ka tambaye shi shekarar da ya nema. Sau da yawa za ka tarar kafin 2022 ne, ko kuma ɗalibin makarantar Amurka ne, wanda asibitocin suka san makarantarsa da malaman da suka rubuta masa wasiƙar shaida. Mu ba a san makarantunmu haka ba.

Sai ka duba yadda kalandar take tafiya. Ana buɗe ERAS a watan Yuni, masu nema su fara cike bayanansu. A farkon Satumba ake fara turawa, asibitoci kuma su fara gani a ƙarshensa. A 2024 ranar 25 ga Satumba ce, a 2025 kuma 24 ga Satumba. Duk wanda ya tura kafin wannan rana, lokaci ɗaya ake ganin takardunsu, babu na gaba babu na baya. Shirin horo guda na medisin yakan samu takardu dubbai a kan guraben da ba su wuce gomomi ba, kuma babu mai zaman karanta su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Tacewa ake yi a kwamfuta: makin Step 2 CK daga kaza zuwa sama, shekarar gama makaranta, matsayin takardar ECFMG (hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka), buƙatar biza. Wanda gurbin makinsa yake fayau, tacewar farko ce take ajiye shi gefe, ba tare da wani ɗan Adam ya ga kyawawan wasiƙunsa ko binciken da ya wallafa ba. Mafi yawan gayyatar intabiyu kuma tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba take fita. Idan ka rubuta a Nuwamba, sakamako ya zo a Disamba, ka zo kasuwa bayan ta watse ke nan. Za a ci gaba da intabiyu har Janairu, gaskiya ne, amma guraben an riga an raba su, sai dai ɗan abin da wani ya soke.

Na ga wannan da idona a kan wani abokin aikina, likita mai hannu da ƙwaƙwalwa. Ya tura a Satumba babu maki, ya rubuta a ƙarshen Oktoba, ya samu makin da kowa zai yi murna da shi. Ya bi shirye-shiryen da imel yana sanar da su. Kaɗan ne suka amsa, gayyatar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba, Maris, watan da ake raba gurabe, ya zo bai samu gurbi ba. Shekara ta zagayo ya sake nema da makin nan dai, bai ƙara masa ko ɗaya ba, ya samu gayyata masu yawa, ya samu gurbi. Abin da ya yi asara shi ne kuɗin nema na shekarar farko, kuma ka san da dala ake biya, ga shi farashin kowane shiri yana tashi sosai da zarar ka wuce 30 a fanni ɗaya, alhali irinmu ba ma tsayawa a 30. Ga kuma alamomin nuna sha'awa da ake ba mai nema ya aika wa shirye-shiryen da ya fi so, waɗanda a medisin 15 ne, uku na zinare da 12 na azurfa. Kashe su a kan fayil ɗin da bai cika ba abin takaici ne.

To yaushe za ka rubuta? Ka fara lissafi daga ƙarshen Satumba ka dawo baya. Ranar Laraba ake sakin sakamako, yawanci bayan mako biyu zuwa huɗu, amma hukumar USMLE da kanta tana cewa a ba ta har mako takwas, kuma akan samu lokutan da ake riƙe sakamako idan an sauya tarin tambayoyi. Saboda haka ƙarshen Yuli shi ne lokacin kwanciyar hankali. Tsakiyar Agusta shi ne iyaka a wurina. Ƙarshen Agusta mutane suna yi kuma wasu suna tsira, amma ni ba zan sa ƙanena a wannan zullumin ba. Sannan ka lura da abu ɗaya da ake yawan mantawa: ERAS ba ya sabunta takardar sakamakonka da kansa. Idan maki ya fito bayan ka riga ka tura, kai ne za ka shiga ka ba da umarnin a sake aikawa.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma ina so ka ɗauke shi da nauyi daidai da na farko. Kada tsoron Satumba ya kai ka ɗakin jarrabawa ba ka shirya ba. Step 2 CK idan ka ci, ka ci ke nan, ba a sake ta don ƙara maki. Makin da ka samu shi zai bi ka duk zagayen da za ka nema. Idan kuma aka faɗi, faɗuwar tana nan a takardar sakamako, kowane daraktan horo zai gani, kuma sau huɗu kacal aka yarda mutum ya gwada kowane mataki. Makin ci 214 ne tun Yulin 2022, aka ɗaga shi zuwa 218 daga 1 ga Yulin 2025, amma ci kawai ba shi ne abin nema ba, tunda matsakaicin makin ɗaliban Amurka yana kusa da 250. Likitocin waje waɗanda ba 'yan ƙasa ba, waɗanda ke samun gurbi a cikinsu ba su kai 60 cikin 100 ba a 'yan shekarun nan. A ganina, mai neman medisin kuma yana buƙatar biza ya sa 240 a matsayin ƙasan abin da yake so, ya yi aiki don ya wuce.

Labari mai daɗi shi ne 230 da 'yan kai a Mayu, da rabin UWorld kawai, wuri ne mai kyau na farawa. Kana da kusan mako goma zuwa goma sha biyu. Abin da zai yanke hukunci ba yadda kake ji a ranka ba ne, gwaje-gwajen NBME ne. Ka gama UWorld zuwa ƙarshen Yuni, ka riƙa yin gwaji duk bayan mako biyu, a zaune, da agogo, waya a kashe. Idan gwaji biyu ko uku a jere suka tsaya a inda kake so, ka shiga. Idan tsakiyar Yuli ta yi kana nan a 230 ba motsi, ka faɗa wa kanka gaskiya.

Kuma bari in gaya maka inda makinmu yake zuba, domin ba a ganewar cuta ba ne. Wanda ya yi shekarar horon farko a asibitin koyarwa a gida ya ga marasa lafiya fiye da ɗalibin Amurka na aji uku nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce tambayar "mene ne mataki na gaba". Mu mun saba da yin abin da ake da shi kuma majinyaci zai iya biya, ita kuwa jarrabawar ta ɗauka cewa hoton CT da kowane irin gwajin jini suna nan a shirye cikin dare. Dole ka koyi amsawa da tsarinsu. Sai binciken rigakafi, kamar fara duba sankarar hanji a shekara 45, da jadawalin allurai na yara da manya. Sai ɗa'ar aiki: yarinya 'yar shekara 16 ta zo neman magani ba ta son iyayenta su sani, ko 'ya'ya sun roƙe ka kada ka gaya wa mahaifinsu cutar da ke damunsa. Amsar da tarbiyyarmu take fara kawo mana ba ita suke nema ba. Haka nan lissafin bincike da tambayoyin kiyaye lafiyar majinyaci daga kuskuren asibiti. Waɗannan ana iya gyara su cikin mako biyu ko uku, kuma su ne makin da ya fi araha. Jarrabawar kanta yini guda ce, kusan awa tara, tambayoyi sama da 300, don haka ka gwada zama mai tsawon nan aƙalla sau ɗaya kafin ranar. Idan wurin da kake bautar ƙasa yana da yawan kwanan aiki, ka nemi hutunka ya faɗo a makonni huɗu na ƙarshe, ka fara maganar da shugabanka tun yanzu.

Maganar rajista kada ka bari sai ka ji ka shirya. Wa'adin wata uku ake ba ka ka zaɓi rana a ciki, kuma kujerun cibiyoyin jarrabawa na Prometric na Yuli da Agusta suna cika da wuri, saboda kowa lissafin nan yake yi. Da yawa daga cikinmu a Accra muka rubuta, wanda ke nufin kuɗin jirgi da masauki da neman izinin tafiya daga wurin aiki. Ka kama rana yanzu. Matsar da ita idan da sauran lokaci ya fi sauƙi a kan neman kujera a makon ƙarshe.

Akwai kuma takardar shaidar ECFMG, wadda Step 2 CK ɗaya ce daga cikin sharuɗɗanta. Tun da aka soke Step 2 CS, jarrabawar duba majinyaci a aikace, a Janairun 2021, sai an bi ɗaya daga cikin hanyoyin da suka tsara, tare da jarrabawar Turanci ta OET ta likitoci, inda ake neman 350 a sauraro da karatu da magana, 300 a rubutu, duk a zama ɗaya. Mai cikakken lasisin MDCN, hukumar likitocin Najeriya, yawanci hanya ta ɗaya yake bi. A ƙa'ida, kana da lokaci har ranar rufe jerin zaɓi na NRMP, tsarin da ke raba guraben horo, a farkon Maris kafin komai ya kammala, kuma wannan ne ya sa wasu suke cewa ai Nuwamba ma ta isa. Ta isa ga ƙa'ida, amma ba ta isa ga samun gayyata ba. Asibitoci da yawa sun fi sakin jiki da wanda takardarsa ta fito ko ta kusa, tunda ranar 1 ga Yuli suke so ya fara aiki. Abin da ya fi cin lokaci a nan shi ne tantance shaidar digirinka daga makarantarku, wanda kan ɗauki watanni idan babu mai bibiya. Ka samu wani a can ya riƙa leƙa ofishin. OET kuwa ka yi ta a Yuni, ko nan da nan bayan Step 2 CK, kada ka haɗa su mako ɗaya.

Idan Yuli ta zo maki bai tashi ba fa? Shawarata ka bar zagayen bana, ka rubuta a Oktoba ko Nuwamba cikin natsuwa, ka nemi na baɗi da fayil cikakke. Na san akwai fargabar shekarar gama makaranta, domin wasu shirye-shirye sun fi son wanda bai wuce shekara uku zuwa biyar da gamawa ba. Amma kai da kake bautar ƙasa yanzu, shekara ɗaya ba za ta fitar da kai daga wannan layin ba. Kuma shekarar ba zaman banza ba ce: a cikinta takardar ECFMG za ta fito, za ka iya neman zuwa ganin aiki a asibitin Amurka don samun wasiƙun shaida daga likitocin can, har ma ka rubuta Step 3, wadda a Amurka kaɗai ake yin ta, kuma sai da ita ake samun bizar aiki ta H-1B maimakon bizar horo ta J-1. Mutum ɗaya ne zan ce masa ya tura babu maki: wanda ya riga ya rubuta a Agusta ko farkon Satumba, gwaje-gwajensa suna da kyau, sakamako kawai yake jira ya fito cikin mako ɗaya ko biyu bayan buɗewa.

Don haka wannan makon ka yi rajista da wa'adin Yuni zuwa Agusta ko Yuli zuwa Satumba, ka kama kujera a makon ƙarshe na Yuli ko na farkon Agusta, ka tura wanda zai bi maka tantancewar makaranta. Idan ka yi NBME na gaba, ka kawo makin nan tare da fannonin da ka fi faɗuwa a ciki, mu duba tare ko ranar za ta tsaya ko za a matsar. Allah ya ba da sa'a, Dokta.