Wa Ke Sa Kwanan Watan da Ke Jikin Magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Na saya wa ɗana amoksisilin na gari, wanda ake zuba wa ruwa a girgiza. Ya sha ya warke, na ajiye sauran a kan wadrob. Bayan wata biyu ƙanwarsa ta kwanta, na ɗauko, sai mai kemis ya ce in zubar. To ai kwanan watan da ke jikin kwalbar da sauran fiye da shekara. Ba dabarar sayar mini da sabo ba ce?
Mai karatu daga Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mai kemis ɗinki ya yi gaskiya, ki zubar. Yarinyar kuma a kai ta likita ya duba, don ba kowane ciwo ne ke buƙatar amoksisilin ba.

Kwanan watan nan irinmu ne ke sa shi. Shekarata 11 ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin harhaɗa magunguna, kuma rabin aikina jira ne. Idan muka haɗa sabon magani, sai mu ɗebi samfuri daga dami uku, a cikin mazubin da za a sayar da shi, mu sa a wasu na'urori masu kama da firji, sai dai su zafi da laima suke riƙewa. Ɗaya tana kan digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari, ma'aunin da hukumar NAFDAC ke nema ga Najeriya. Ɗayar digiri 40 ce, wata 6, don mu ga abin da zai lalace da wuri. A wata na 3, na 6, na 9, na 12, na 18, na 24, har na 36, muna ciro wasu mu auna ƙarfinsu a na'urar HPLC, wadda ke nuna yawan sinadarin maganin da ya rage, mu duba launi, mu ga ko ƙwayar tana narkewa a ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Galibi idan ƙarfin ya yi ƙasa da kashi 90 na abin da aka rubuta, wa'adinsa ya cika.

Amma garin muka auna na tsawon shekarun nan, a bushe, kwalba a rufe. Amoksisilin ba ya shiri da ruwa, daga ranar da kika zuba ya fara rushewa, shi ya sa ma muke sayar da shi a gari. Bayan an jiƙa, yawanci kwana 7 ne, wasu 14 a firji, yana nan rubuce a jikin kwalin. Naki ya yi wata biyu a zafin Sakkwato. Abin da ke damuna da irin wannan, launinsa na iya zama yadda yake, uwa ta yi ta ba yaro da zuciya ɗaya, ciwo bai tafi ba, ƙwayoyin cutar kuma suna koyon jure wa maganin.

Na taɓa shan wahalar wata ƙwaya da ta wuce gwajin wata 3 lafiya lau. A wata na 6 na buɗe na'urar digiri 40, sai na tarar ta yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ta kuma ƙi narkewa a kan lokaci. Laima ce ta ratsa ledar kwalin. Dole muka koma rufin alminiyum gaba da baya, muka fara ƙirga daga farko. Ranar na koma gida raina a ɓace, amma gara a hannuna ta lalace da a hannunki.

Wani abu kuma, kwanan watan nan da sharaɗi yake tafiya: a ajiye ƙasa da digiri 30. Ke kin san a watan Afrilu zafin garinku na haura digiri 40. Don haka kada ki bar magani a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu. Nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, inda hannun yara ba ya kaiwa. 'Yar ƙaramar jakar nan da ke cikin wasu kwalabe laima take tsotsewa, ki bar ta a ciki. Asfirin kuwa in kika buɗe kika ji warin ruwan khal, ya lalace ko da kwanansa bai cika ba. Nan gaba, ranar da kika zuba wa garin ruwa, ki ɗauki biro ki rubuta kwanan wata a jikin kwalbar.