Matsattsun fayiloli: ZIP ya buɗu, RAR ya ƙi, ina matsalar take?

Tambayoyi kan fayilolin ZIP da RAR sun yi yawa a 'yan kwanakin nan, shi ya sa na tattara wasu daga cikinsu na amsa a wuri guda.

Assalamu alaikum Malam. An turo mini takardun aiki ta WhatsApp cikin fayil guda ɗaya, ƙarshen sunansa .zip. Na taɓa shi ya ƙi nuna komai. Ko wayata ce ba ta da ƙarfi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki lafiyarta ƙalau. Abin da aka turo miki ba takarda ba ce, ƙunshi ne. An tara takardu da yawa an ɗaure su wuri ɗaya, an kuma matse su don su rage nauyi. Dabarar matsewar mai sauƙin fahimta ce: duk inda wani abu ya maimaita kansa a cikin fayil, sai a rubuta shi sau ɗaya, sauran wuraren a sa alamar da ke nuni zuwa gare shi. Ranar kwancewa komai zai koma yadda yake, ko harafi ɗaya ba zai ɓace ba. Wani Ba'amurke mai suna Phil Katz ne ya fito da tsarin ZIP a 1989, kuma har yau shi ne ya fi yaɗuwa.

In wayarki Android ce, shiga manhajar Files by Google, ko My Files in Samsung ce, ki nemo fayil ɗin cikin abubuwan da kika sauke, ki taɓa shi, sannan ki zaɓi "Extract". In iPhone ce, ki fara ajiye shi a manhajar Files, ki taɓa shi sau ɗaya, nan take folda za ta bayyana kusa da shi. Tun iOS 13 na shekarar 2019 aka samu wannan sauƙin.

Ga wani abu da nake so kowa ya riƙe, don nan ne mutane suka fi yin asara. Leƙa cikin ƙunshi daban, kwance shi daban. A kwamfuta mai Windows, idan ka danna fayil ɗin ZIP sau biyu zai buɗe kamar folda, har ka ga sunayen abubuwan da ke ciki. Sai mutum ya ɗauka ya gama. Ya buɗe takarda daga nan, ya shafe awa biyu yana gyara, ya rufe, washegari ya nemi gyaransa sama ko ƙasa ya rasa. Dalili shi ne kwafi na wucin gadi kwamfutar ta ba shi, ainihin takardar tana nan a ɗaure yadda take. Haka ma manhajar da aka kunna daga cikin ƙunshi takan ƙi tashi, domin 'yan'uwanta da take dogara da su ba su fito ba. Saboda haka a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Extract All", sannan a yi aiki daga sabuwar foldar da ta fito. Masu Mac ba su da wannan damuwar: danna sau biyu kawai ke kwance shi gaba ɗaya.

Malam, ni nawa .rar ne, kuma kwamfutata ta ce ba ta san abin da za ta buɗe shi da shi ba.

Ɗan'uwa, RAR gidansa daban. Eugene Roshal, ɗan ƙasar Rasha, shi ya ƙirƙiro shi a 1993, kuma sunan ma daga sunansa aka ciro. Windows 10 da waɗanda suka gabace shi ba su iya buɗe shi da kansu. Sai a 2023 Microsoft ya sa wa Windows 11 ikon kwance RAR da wasu nau'o'in ƙunshi irin su 7z da TAR, amma ban da waɗanda aka kulle da kalmar sirri.

Shawarata ita ce 7-Zip. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta damun mutum da talla, kuma tana buɗe ZIP da RAR da 7z da wasu da yawa. Igor Pavlov ne ya fara fitar da ita a 1999. WinRAR ma tana aiki sosai, sai dai ta kuɗi ce. Bayan kwana 40 na gwaji za ta riƙa tuna maka ka biya. A Android akwai ZArchiver, akwai kuma manhajar RAR ta kamfanin RARLAB. A Mac, The Unarchiver ta wadatar. Ka sauke kowacce daga shafinta na asali ko daga Play Store da App Store. Kuma kada ka sauya .rar zuwa .zip da hannu kana zaton ka magance matsalar. Suna kawai ka canza, ɗaurin yana nan yadda aka yi shi.

Na sauke wani darasi da ya zo kashi-kashi: part1.rar, part2.rar har zuwa part5.rar. Duk wanda na buɗe sai ya ce akwai kuskure.

Waɗannan biyar ɗin fayil ɗaya ne aka yanyanka don ya yi sauƙin turawa. Ka tara su duka a folda guda, kada ka taɓa sunan ko ɗaya, ka kwance na farko kaɗai. Manhajar da kanta za ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake ga masu ƙarewa da .001 da .002.

In ka yi haka saƙon "CRC error" ko "Unexpected end of archive" ya fito, to ɗaya daga cikinsu bai sauka daidai ba, galibi intanet ce ta yanke a tsakiya. Duba girmansu: in ban da na ƙarshe, duk ya kamata su zo daidai da juna. Wanda ya gaza, shi za ka sake saukewa, ba sai ka ƙona data a kan dukkansu ba. Ka kuma tabbatar akwai fili a na'urar, domin ƙunshin da abin da ya fito daga cikinsa za su zauna tare kafin ka goge na farkon. In kuma a katin memori ko filashi mai tsohon tsarin adana fayiloli da ake kira FAT32 kake kwancewa, ka sani ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4.

Na matse bidiyo mai megabait 200 don in tura, amma girmansa bai ragu ba.

Ba zai ragu sosai ba. Bidiyon MP4 da hoton JPEG da sautin MP3 duk a matse suke tun asali, ba sauran maimaici da za a cire. Rubutu ne ke raguwa ƙwarai. Bidiyo kuwa sai dai a rage ingancinsa da manhajar sarrafa bidiyo.

An aiko mini ZIP ta imel daga wanda ban sani ba, wai rasit ne, an ma rubuta kalmar sirrin a cikin saƙon. In buɗe?

Don Allah kada ka buɗe. Ka yi tunani: wanda ya kulle abu, ya kuma liƙa makullin a jikinsa, ba kai yake ɓoye wa ba. Manhajar tsaro yake ɓoye wa, domin ba ta iya bincika abin da ke cikin ƙunshin da aka kulle. Wannan tsohuwar hanya ce ta masu kutse. A ciki za ka tarar da abu mai suna kamar rasit.pdf.exe, wato manhaja ce (.exe) ta yi shigar takarda, kuma da yake Windows yakan ɓoye ƙarshen sunan fayil, kai .pdf kawai za ka gani. Ka shiga "View" a File Explorer ka kunna "File name extensions" tun yau. A waya kuma, duk ƙunshin da aka ce takarda ce ko hoto amma ka ga .apk a ciki, manhaja ce ake so ka girka, ka goge shi.

Akwai ma ƙunshin da aka gina don ɓarna kawai. Sananne a cikinsu shi ne 42.zip, mai kilobait 42 kacal, wanda in aka kwance shi har ƙarshe zai kai kusan petabait 4.5, wato gigabait miliyan huɗu da rabi.

Masu amfani da WinRAR, ku duba lambar sigar da ke kwamfutarku. A 2023 an gano wata kafa da ke bai wa ɓarayin intanet damar kunna mugun shiri da zarar mutum ya danna fayil a cikin ƙunshi, aka toshe ta a sigar 6.23. WinRAR ba ta sabunta kanta, kuma na sha ganin kwamfutocin da ke ɗauke da wadda aka girka shekaru bakwai ko takwas da suka wuce. In taka ta tsufa, je ka shafinsu ka sauke sabuwa, ka girka ta a kan tsohuwar.