Na'urar hannu da lissafin iskar da ke ɗumama yanayi a Katsina

Tambaya: Malam, an ɗora mini haɗa rahoton iskar da ke ɗumama yanayi ta birnin Katsina, kuma hankalina bai kwanta ba. Wani ɗan kwangila ya ce zai zagaya Ƙofar Ƙaura da babbar kasuwa da na'urar hannu, ya ba mu adadin cikin mako guda. Shin za a karɓi wannan rahoton?

Amsa: Malam, ba za a karɓa ba, kuma gara ku tsayar da biyan kuɗin tun yanzu. Ƙa'idar da birane ke bi ita ce GPC, wato ƙa'idar duniya ta lissafin iskar da birane ke fitarwa, wadda cibiyar bincike ta WRI da ƙungiyoyin birane na C40 da ICLEI suka ƙaddamar a Lima, babban birnin Peru, a 2014, bisa tsarin lissafin IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Lissafi take nema: yawan abin da aka ƙona ko aka zubar a shekara, a ninka shi da ma'aunin fitarwa, wato yawan iskar da kowace lita ko kilo ke fitarwa. Litar dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na kabon dayoksaid, ta fetur kuwa kimanin 2.3.

Wannan batu na na'ura ya ishe ni, domin kusan kullum sai an kawo mini shi. Na'urar tana auna yawan ƙura ko iskar da ke wurin da aka tsaya a wannan lokacin kawai, ba ta san daga ina ta taso ba. Idan aka auna da hunturu, hazon da ya keto daga hamada zai cika ta, alhali ba Katsina ce ta haifar da shi ba. Kabon dayoksaid ba shi da launi, saboda haka baƙin hayaƙin tsohuwar tifa ba shi ne ma'auni ba. Sabuwar mota mai tsabtar salansa ma tana fitar da nata gwargwadon man da ta sha. Wutar da KEDCO ke rabawa kuwa, a tashoshi masu nisa ake samar da ita, amma ƙa'idar ta ce a rubuta ta a rukuni na biyu, wato na makamashin da ake samu ta layin wuta, na lissafin birnin da ya yi amfani da ita. To, wace na'ura ce za ta gano wannan a bakin shataletale? Masu wannan sana'a sun san haka sarai, sun dai lura cewa ofisoshi sun fi son hoto da na'ura a kan wahalar bin takardu.

Ku fara da shata iyakar birnin da zaɓen shekara guda, sannan ku tattara bayanan gidajen mai, da janareto, da Keke Napep, da juji, inda iskar metan ke tashi, wadda ƙarfinta na ɗumama yanayi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 a shekara ɗari. Ku yi hattara da alƙaluman gidajen mai, domin ba duk man da aka sayar a birni ake ƙonawa a cikinsa ba. Inda bayani ya gagara, kada ku rubuta sifili. Ku sa alamar NE, wato ba a ƙiyasta ba, tare da dalili.