Ga ɗan'uwan da aka bar su ba fasto

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ka yi tambaya a kan yadda za ku raba hidima tsakaninku tun da aka yi wa fastonku canjin wurin aiki ba a turo wani ba, kuma da na karanta sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin mu ma mun yi shekara biyu a cikin wannan hali.

Mu biyar ne dattawan ikilisiya, muka amince da baki cewa za mu riƙa yin wa'azi bi da bi, kuma wannan amincewa ta baki ita ce ta cuce mu. Babbanmu, wanda shi ne ya ba da filin da aka gina majami'a, ya riƙe makulli, ya riƙe littafin baiko, daga baya mumbari ma ya koma nasa. Wata Lahadi da layi ya zo kaina, na kwana uku ina shiri a kan Fitowa sura 18, inda Yetro ya gaya wa Musa cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mawaƙa suna gamawa na miƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, koma ka zauna, yau Ruhu ya ba ni saƙo." Matata tana gaba cikin matan zumunta, 'ya'yana suna kallo, sauran dattawa uku kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azinsa ba, kuma na yi wata biyu ina zama a bencin baya kamar baƙo. Na yafe masa, amma har yau idan aka karanta surar nan sai zuciyata ta sosu.

Saboda haka ku rubuta komai, sunan mai wa'azi da mai jagorar sujada na wata uku, ku manna a ƙofa. Kada mai wa'azi ya zama shi ne ma'aji, kuma mutum biyu su ƙirga baiko kafin kowa ya bar majami'a. A Ayyukan Manzanni sura 6 jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai ɗin nan da suka haɗa da Istifanas, manzanni suka ɗora musu hannu.

Kada ku raina mata. A shekarar 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, 'yan gudun hijirar da suka sauka a wurinmu ba su zo da fasto ba, matan zumuntarsu ne suka tara su addu'ar asuba, suka kuma san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Mu a lokacin muna can muna gardamar makulli.

Baftisma da jibin Ubangiji ku bar wa rabaran na gundumarku, ku haɗa masa kuɗin mai ya riƙa zuwa. Idan kuma kuna da dattijo irin namu, ku je gidansa ku biyu ko uku tun yanzu, ku nemi ya sa hannu a kan jadawalin kafin a manna shi.