Na ɗaga shinge na kafa rumfa a gidana a Texas, ƙungiyar unguwa ta ce in rushe: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a wata unguwa da ke gefen birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, a gidan da na saya da bashin banki. Shingen katakon bayan gidan ƙafa shida ne, kuma maƙwabtanmu na iya hango tsakar gidanmu, saboda haka na sa aka ɗaga shi zuwa ƙafa takwas domin suturar iyali, na kuma kafa rumfar kwano inda muke shan iska da yamma. Yanzu ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda ake kira HOA, ta aiko mini da wasiƙa cewa na yi gini ba tare da izini ba, in rushe cikin kwana 30 ko a fara cin tarata. Alhali akwai wani gida a layinmu mai rumfa irin tawa. Shin suna da wannan iko a kan gidan da na saya da kuɗina? Za su iya ƙwace shi? Kuma wannan ba wariya ba ce? Na yi niyyar daina biyan kuɗin ƙungiyar har sai sun janye.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da maganarka ta ƙarshe, domin ita ce mafi haɗari a duk abin da ka rubuto. Kada ka daina biyan kuɗin ƙungiya ko da na wata ɗaya. Dokar kadarori ta Texas, a babi na 209, ta hana ƙungiya yin gwanjon gidan mutum idan bashin da take bin sa na tara ne kawai, ko kuɗin lauyan da aka kashe a kan tarar. Amma kuɗin ƙungiya da ake biya duk wata ko duk shekara hukuncinsa daban ne, domin a yawancin unguwanni gidan kansa jingina ne a kan wannan kuɗi. Tun a 1987 Kotun Ƙolin Texas ta yanke hukunci cewa kariyar da tsarin mulkin jihar ya bai wa gidan da mutum yake zaune a ciki ba ta hana a sayar da shi saboda irin wannan bashi, idan jinginar tana rubuce tun kafin ya saya. A 2001 an yi gwanjon gidan wata dattijuwa mai shekara 82 a yankin Houston kan bashin da asalinsa bai kai dala dubu ɗaya ba, kuma hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa majalisar jihar ta kafa babi na 209 a wannan shekarar. A yau sai ƙungiya ta bi ta kotu kafin ta yi gwanjo, kuma mai gida yana da kwana 180 na fansar gidansa bayan an sanar da shi sayarwar, amma babu dalilin da zai sa ka kai kanka bakin wannan rami. Yanzu rigimarku a kan katako da kwano take. Ranar da ka riƙe kuɗin, kai da hannunka ka mayar da ita rigima a kan gida.

Game da ko suna da iko, amsar ita ce e, a mafi yawan lokuta, kuma ya kamata ka san daga inda ikon ya fito. A garuruwanmu katanga sha'anin mai gida ce, tsawonta gwargwadon ƙarfinsa da buƙatarsa, kuma babu wanda zai ga laifin magidancin da ya suturta iyalinsa. A irin unguwarku kuwa, kafin a sayar da gida ko ɗaya, kamfanin da ya yanka filayen ya rubuta takardar sharuɗɗa ya kai ta ofishin magatakardar gunduma, Harris ko Fort Bend ko duk wadda kake ciki, aka shigar da ita cikin rajistar filaye. Waɗannan sharuɗɗa manne suke da filin, suna bin sa daga hannu zuwa hannu, kuma doka tana ɗauka cewa duk wanda ya saya ya sani, ko ya karanta ko bai karanta ba. Mai yiwuwa kwafinsu yana cikin tulin takardun da aka miƙo maka ranar kammala ciniki. Kusan kullum akwai sakin da ke cewa ba za a gina ko a sauya wani abu a wajen gida ba, shinge ne ko rumfa ko fenti ko rufi, sai kwamitin duba gine-gine ya amince a rubuce. Don haka laifin da ake tuhumar ka da shi kashi biyu ne, kuma yana da kyau ka raba su a ranka: rashin neman izini, da kuma ko ginin kansa ya saɓa ƙa'ida. Na farko ana iya gyara shi da takarda. Na biyu ne kan kai ga rushewa.

Sai dai ita ma ƙungiyar a ɗaure take da doka, kuma a nan ƙarfinka yake. Kafin ta ci tararka dole ta aiko da sanarwa ta wasiƙar rajista, ta bayyana laifin, ta faɗi kuɗin da take nema idan akwai, ta ba ka wa'adi mai ma'ana na gyarawa, ta kuma sanar da kai cewa kana da haƙƙin neman a saurare ka. Ɗauko ambulan ɗin ka duba hatimin gidan waya, domin kwana 30 ɗin da kake da su na neman zaman sauraro suna farawa ne daga ranar da aka aika wasiƙar, ba ranar da ka buɗe ta ba. Mutane da yawa a nan suke yin asara, su ajiye wasiƙar a kan teburi cikin ɓacin rai, su yi mata kunnen uwar shegu har wa'adin ya wuce. Ka rubuta buƙatarka yau, gajeriya, ka aika ta wasiƙar rajista zuwa adireshin ƙungiyar ko kamfanin da ke gudanar mata da aiki, ka adana rasit.

Da zarar buƙatar ta isa, kwamitin gudanarwa, wato shugabannin ƙungiyar, yana da kwana 30 ya zauna da kai, kuma sai ya sanar da kai rana da wuri aƙalla kwana 10 kafin zaman. Gyaran da aka yi wa dokar a 2021 ya ƙara cewa kwana 10 kafin zaman dole su ba ka duk takardu da hotuna da wasiƙun da za su gabatar, idan kuma ba su bayar ba kana da haƙƙin a ɗage zaman da kwana 15. Akwai wani amfani na neman zaman wanda ba kowa ya sani ba: ba za a ɗora maka kuɗin lauyan da ƙungiya ta kashe kan wannan magana kafin a kammala sauraron ba. Idan kuma ka gyara abin cikin wa'adin da aka ba ka, babu tarar da za a ci ka. Ka kuma nemi su nuna maka sakin da ka saɓa da lambarsa, tare da jadawalin tararsu. A Texas duk wata ƙa'idar ƙungiya da ba a shigar da ita rajistar gunduma ba ba ta da ƙarfi, saboda haka idan dokar tsawon shinge tana cikin wata takardar da kwamiti ya rubuta ya ajiye a ofis kawai, ka samu hujja babba.

A daidai wannan lokaci ka shigar da takardar neman izini ko da yake aikin gama ya gama, domin kwamitoci da yawa suna karɓar irin wannan. Ka haɗa da taswirar da safiyo ya zana ta filinka, ka sa alama a inda rumfar take, ka rubuta tazarar ƙafa nawa ce tsakaninta da shingen baya da na gefe, ka saka hotuna daga titi da daga cikin gida, da bayanin kayan da aka yi aikin da su. Ka lura da layin da aka ja a bayan filin a taswirar, wanda aka keɓe don bututu da wayoyin lantarki, domin idan ginshiƙan rumfar sun taka shi, gyara ya zama dole ko da kwamiti yana son ka. Idan unguwarku ta haura gida 40 kuma kamfanin da ya gina ta ya riga ya miƙa ragama ga masu gidaje, doka ta ce ƙin amincewa sai a rubuce, da dalilai filla-filla, da gyare-gyaren da za a yi domin a amince idan akwai su, kuma kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin gudanarwa. Ka tuna kuma cewa izinin ƙungiya daban, na hukumar birni ko gunduma daban, samun ɗaya ba ya ɗauke buƙatar ɗayan.

A ganina shingen da rumfar ba matsayinsu ɗaya ba. Tun 2021 dokar Texas ta hana ƙungiyoyi haramta wa mai gida kafa matakan tsaro, kuma ta ambaci kyamara da na'urar gano motsi da shingen kewaye gida da sunansu. Amma a wuri guda ta bar wa ƙungiya ikon tsara irin shingen da za a kafa, kuma ƙungiyoyi suna ɗaukar tsawo da kayan gini a cikin wannan iko. Wato ba za a ce maka kada ka yi shinge ba, amma ƙafa biyun da ka ƙara su ne abin tattaunawa. Ka nemi a yi maka rangwame na musamman a rubuce, ka kawo amincewar maƙwabcin da kuke haɗa shinge idan zai bayar, ka kuma shirya wa zaɓi na biyu, kamar dogayen shuke-shuke masu duhuwa a jikin shingen ƙafa shida, waɗanda sau da yawa suna tare ido fiye da katako. Rumfa kuwa ba ta da irin wannan kariya a doka. Abin da ya fi damun kwamitoci a kanta galibi kwanon ne, domin ƙa'idoji da yawa suna son rufin rumfa ya dace da na gida a launi da kayan aiki. Sauya rufin ya fi rushe ginin gaba ɗaya sauƙi, kuma idan kai ka fara kawo wannan tayi a zaman, za ka ga fuskokin sun sauya.

Batun maƙwabcinka mai rumfa yana da amfani, amma kada ka dogara da shi kacokan. Mai yiwuwa ya samu izini, mai yiwuwa tasa ta daɗe har ta wuce shekara huɗun da dokar Texas ta bayar na kai ƙarar saɓa sharaɗi, mai yiwuwa kuma shi ma wasiƙarsa tana hanya. Kotunan jihar ba sa cewa sharaɗi ya faɗi sai saɓawar ta yawaita har mutum mai hankali zai ɗauka an yi watsi da shi, kuma gida ɗaya bai kai wannan ba. Doka ma tana ɗaukar hukuncin ƙungiya a matsayin mai ma'ana har sai mai gida ya nuna cewa an yi shi da son rai, ko babu tushe, ko da nuna bambanci. Saboda haka ka zagaya unguwar ka ɗauki hotunan duk rumfuna da dogayen shingayen da ake gani daga titi, ka kuma yi amfani da haƙƙinka na duba bayanan ƙungiya ta hanyar rubutacciyar buƙata. Ba za a buɗe maka fayil ɗin laifuffukan wani maƙwabci ba, amma bayanan tarurrukan kwamitin gudanarwa kana da haƙƙin gani.

Tambayarka kan wariya ba abin rainawa ba ce, domin waɗannan takardu na sharuɗɗa suna da tarihi mai ɗaci. An daɗe ana amfani da su wajen hana baƙar fata da Yahudawa da 'yan Asiya sayen gida a wasu unguwanni, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, sannan dokar adalci a sha'anin gidaje ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko ƙasar asali. Wannan doka ta hau kan ƙungiyoyin unguwa. Idan hujja ta nuna cewa an amince wa wasu irin ginin da aka hana ka, ko an furta wata magana kan addininka ko asalinka, kana da shekara ɗaya ka kai koke ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ko shekara biyu ka shigar da ƙara a kotu. Amma ina ba ka shawara kada ka buɗe zaman sauraro da wannan zargi alhali hannunka babu komai sai zato, domin 'yan kwamitin maƙwabtanka ne masu aikin sa-kai, kuma wasiƙar da ka samu galibi ma'aikacin kamfanin gudanarwa ne ya tayar da ita bayan ya zaga unguwa da mota yana ɗaukar hoto. Ka bayyana musu dalilin addini da al'ada da ya sa kake buƙatar sutura, cikin natsuwa kuma a rubuce, domin ya shiga tarihin maganar. Ka sani kuma dokar Texas ta kare haƙƙinka na sanya alamar addini a gidanka, sai dai wannan kariya ta alama ce, ba ta kai ga tsawon shinge ba.

Idan aka kasa daidaitawa har ƙungiya ta kai ka kotu, lissafin yana da nauyi. Alƙali na iya ba da umarnin rushewa, yana iya sanya diyyar da ta kai dala 200 a kan kowace rana ta saɓawa, kuma wanda ya shigar da ƙarar saɓa sharaɗi ya yi nasara yana karɓar kuɗin lauyansa daga wanda aka kayar. Ranar da ka ga wasiƙa daga ofishin lauya maimakon kamfanin gudanarwa, ka nemi lauyan da ya ƙware a harkar gidaje a Texas ka kai masa takardar sharuɗɗan gaba ɗaya. Idan kuma aka daidaita, kada ka yarda da amincewar baki daga shugaban kwamiti, komai mutuncinsa, domin shugabanni suna sauyawa. Ka karɓi takarda mai kwanan wata da ta ambaci tsawon shingen da siffar rumfar, ka ajiye ta tare da takardun mallakar gidan, saboda ranar da za ka sayar ƙungiya za ta bai wa mai saye takardar shaida, kuma a cikinta ake rubuta duk wani saɓa sharaɗi da ta san yana kan gidan.